Tsofaffin waƙoƙin funk, soul da reggae a ƙasar Hausa

Tsofaffin waƙoƙin funk, soul da reggae a ƙasar Hausa su ne waƙoƙin zamani da ƙungiyoyin makaɗa suka ɗauka a faifan garmaho da kaset a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1990, bisa salon kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da na tsibirin Jamaika da ke yankin Karibiyan. An yi wannan kiɗa a garuruwa irin su Kano, Kaduna, Jos, Zariya, Maraɗi, Tawa da Yamai, da jita da ganguna irin na Turawa da kayan busa, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da Turanci ko Faransanci.

Yawancin waƙoƙin sun ɓace daga kasuwa bayan da aka daina buga faifan garmaho. Daga shekarar 2001 wasu ƙananan kamfanoni na Turai da Amurka suka fara nemo tsofaffin faya-fayan suna sake buga su, kamar yadda aka riga aka yi wa tsofaffin waƙoƙin Jamaika, aka kuma yi wa na Belize da Bahamas daga baya. Wannan aiki ya dawo da sunayen makaɗa da dama da aka manta da su, ya kuma tayar da batun wanda ke da haƙƙin waƙoƙin da wanda ya kamata ya adana su.

Ma'anar salon uku

Soul ya taso ne a Amurka a shekarun 1950, lokacin da mawaƙa irin su Ray Charles da Sam Cooke suka ɗauko yadda ake rera waƙar coci suka haɗa da kiɗan rawa na baƙaƙen fata. Ƙarfinsa yana cikin murya da amshi. Kamfanonin Motown na birnin Detroit, wanda aka kafa a 1959, da Stax na birnin Memphis su ne suka fi yaɗa shi.

Funk ya fito daga cikin soul a tsakiyar shekarun 1960, kuma James Brown ne aka fi dangantawa da shi. A wannan salo ana jaddada bugun farko na kowane zagaye na kiɗa, jita da kayan busa kuma suna yin gajerun sautuka masu maimaituwa kamar su ma ganguna ne. Ana iya daɗewa a kan sauti ɗaya ba a sauya ba, domin rawa ake nufi.

Reggae kiɗan Jamaika ne da ya bayyana a wajajen 1968. Ana gane shi da karcen jita da ke faɗowa a tsakanin bugu da bugu, da jitar bas mai kauri da ke jan ragamar waƙa, da ganga da kan tsallake bugun farko ta sauka a na uku. Wannan ne ke ba shi tafiyar rangaji. A watan Nuwamba na 2018 hukumar UNESCO ta sanya reggae cikin jerin al'adun gado na duniya.

Yadda salon suka haɗu a Jamaika

Tun daga ƙarshen shekarun 1940 wasu 'yan kasuwa a Kingston, babban birnin Jamaika, suke kafa manyan lasifikoki a fili suna saka faya-fayan Amurka, mutane su biya kuɗi su yi rawa. Gasa ta yi zafi a tsakaninsu har wasu kan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya gane waƙar ya saye ta. Biyu daga cikin manyansu, Clement Dodd wanda ake kira Coxsone da Duke Reid, sun koma ɗaukar mawaƙan gida da kansu. Dodd ya buɗe situdiyonsa mai suna Studio One a titin Brentford a 1963, shekara ɗaya bayan Jamaika ta sami 'yancin kai a ranar 6 ga Agusta, 1962.

Daga wannan harka aka sami ska mai sauri, sai rocksteady mai sanyi a 1966, sannan reggae. A duk waɗannan matakai makaɗan Jamaika ba su daina sauraren Amurka ba. Ƙungiyar Wailers ta Bob Marley da Peter Tosh da Bunny Wailer ta koyi tsarin amshinta daga ƙungiyar Impressions ta Curtis Mayfield, kuma mawaƙan Studio One sun sake rera waƙoƙin soul masu yawa da takun reggae. Shi ya sa masu tattara tsofaffin faya-fayan Karibiyan kan ambaci salon uku tare.

Reggae ya fita duniya ne ta hanyar fim ɗin The Harder They Come na 1972, wanda Jimmy Cliff ya fito a ciki, da kundin Catch a Fire na Wailers da kamfanin Island ya fitar a 1973. Da yawa daga cikin mawaƙansa mabiya aƙidar Rasta ne, kuma waƙoƙinsu suna magana a kan bauta, talauci, zalunci da komawa Afirka. Wannan saƙo ya samu karɓuwa a nahiyar, musamman bayan Bob Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a watan Afrilun 1980. Ya rasu ranar 11 ga Mayu, 1981.

Shigowarsu Najeriya da Nijar

Kafin yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, highlife ne kiɗan zamani da ya fi tashe a birane. Yaƙin ya tarwatsa ƙungiyoyi da dama, matasan da suka taso bayansa kuma suka fi karkata ga soul da funk. James Brown ya yi wasa a Legas a watan Disambar 1970, a daidai lokacin da Fela Kuti ke gina salonsa na afrobeat. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa mutane da yawa suka iya sayen rediyo da garmaho, kamfanonin EMI da Decca kuma suna ɗaukar ƙungiyoyin matasa a situdiyoyinsu na Legas.

Jimmy Cliff ya ziyarci Najeriya a 1974, ya kuma tara jama'a masu yawa. Bikin FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977 a Legas, tare da hawan daba a Kaduna, ya kawo makaɗa daga Amurka da Karibiyan, cikinsu har da Stevie Wonder da Mighty Sparrow na Trinidad. A ƙarshen shekarun 1980 reggae ya zama kiɗan da ya fi tashe a Najeriya, da mawaƙa irin su Majek Fashek, Ras Kimono, Evi-Edna Ogholi da ƙungiyar Mandators. Kaset-kaset na Alpha Blondy na Kodebuwa da Lucky Dube na Afirka ta Kudu su ma sun watsu ko'ina a yammacin Afirka.

A arewa, rediyo da kaset ne suka fi ɗaukar wannan kiɗa zuwa ga jama'a. An buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. A Nijar kuwa akwai gidan rediyon ƙasa, wanda ake kira Muryar Sahel. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya fi faifai dacewa da yanayin yankin: yana da araha, rikoda tana aiki da batir ko da babu wutar lantarki, kuma kowa na iya kwafa daga wani kaset zuwa wani.

Makaɗan arewacin Najeriya

Kiɗan zamani a arewa ya fi zama a otal-otal, gidajen rawa na unguwannin Sabon Gari, barikokin soja da manyan makarantu. Da yawa daga cikin makaɗan 'yan kudu ne ko 'yan tsakiyar ƙasar da ke zaune a arewa, amma sukan saka Hausa a waƙoƙinsu domin ita ce harshen kasuwa da titi.

Bala Miller, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 2003, ɗan wani gidan Hausawa Kiristoci ne na Zariya. Ya daɗe a harkar highlife kafin ya taimaka wajen kafa makarantar koyon kiɗa a Kano a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga baya ya kafa babbar ƙungiya mai suna Great Music Pirameeds of Afrika, wadda ke haɗa Hausa da kiɗan busa da takun funk. Waƙarsa «Ikon Allah» ita ce aka fi sani, kuma ya yi shiri mai ɗauke da sunansa a gidan talabijin na NTA a shekarun 1980.

Sahara All Stars ƙungiya ce ta Jos da ta yi tashe a tsakiyar shekarun 1970. Jos gari ne na haƙar kuza da ya tara ƙabilu da yawa, kuma kiɗan ƙungiyar ya haɗa highlife da afrobeat da funk. A Kano kuwa akwai Elcados, wadda ta fi karkata ga kiɗan jita mai kaifi, ta kuma fitar da kundi mai suna This World Is Full of Injustice. Bongos Ikwue, ɗan Otukpo ta jihar Binuwai, ya yi kiɗa da wata ƙungiyar ɗalibai lokacin da yake karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ya shahara da ƙungiyarsa ta Groovies da salon soul mai laushi.

Duk da haka wannan kiɗa bai kai matsayin na Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ko Musa Ɗanƙwairo a zukatan Hausawa ba. A al'adar Hausa kiɗa sana'a ce da ta danganci fada, sana'o'i da bukukuwa, kuma mai sauraro ya fi bin azancin magana a kan sautin kayan kiɗa. Alaƙar kiɗan zamani da gidajen giya ta sa iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu su kusance shi. Ga kuma waƙoƙin fina-finan Indiya, waɗanda suka riga suka kama zukatan matasa, su ne kuma daga baya suka zama tushen waƙoƙin fina-finan Hausa a shekarun 1990.

Makaɗan Nijar

A Nijar kiɗan zamani ya makara idan aka kwatanta da Mali ko Gini, ƙasar kuma ba ta da kamfanin buga faifai mai ƙarfi. Mafi yawan abin da aka ɗauka a situdiyon gidan rediyon ƙasa aka ɗauke shi. Al'amura sun sauya bayan an fara gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu a 1987, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai ɗauke da sunan Alhaji Taya a Yamai a wajajen 1990. Daga wannan zamani aka san mawaƙa irin su Adams Junior, wanda ya shahara da reggae, da Musa Pusi, da Fati Mariko, da Sa'adu Bori.

Sa'adu Bori mutumin Maraɗi ne, yana waƙa da Hausa, ya kuma ɗora kiɗan bori da kirarinsa a kan jita da bas da ganguna na zamani. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da kundin Niamey Twice, wanda ya haɗa waƙoƙinsa da na Musa Pusi. Kaset-kaset ɗinsa sun yi farin jini sosai a arewacin Najeriya a shekarun 1990, abin da 'yan ƙungiyoyin Sabon Gari ba su samu ba, domin kalmominsa da takunsa na gida ne ko da kayan kiɗan baƙi ne. Ya rasu a 2008.

A Tawa an yi ƙungiyar Azna de l'Ader ƙarƙashin jagorancin wani makaɗin jita da ake kira Mona, wanda ya bi salon Jimi Hendrix na Amurka. A Yamai kuma akwai Mamman Sani Abdullahi, wanda ya sayi wani kayan kiɗan lantarki mai madannai ƙirar Italiya, ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa a 1978. Shekara da shekaru ana saka sautinsa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, jama'a sun san kiɗan amma kaɗan ne suka mallaki kaset ɗin.

Iyakar Gobir

Yankin Sabon Birni da Isa a gabashin jihar Sakkwato yana nuna yadda kiɗa ke tsallake iyakar ƙasa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun kasu: wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar Tsibiri da Maraɗi a Nijar, ta bar Sabon Birni da Isa da garuruwa irin su Kurawa a Najeriya, amma zumunta da auratayya da cin kasuwa ba su yanke ba. Harshe ɗaya ake yi a ɓangarorin biyu, muryar rediyo kuma ba ta tsayawa a shingen kwastan. Saboda haka mazauna wannan yanki suna cikin waɗanda kiɗan zamani ya iso musu ta hanyoyi biyu: daga Kano da Kaduna da Sakkwato a gefe ɗaya, daga Maraɗi da Yamai a ɗaya gefen.

Yankin kansa an fi saninsa da kiɗan fada. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, yana cikin manyan mawaƙan Hausa na ƙarni na 20. Abin da ake ji na muryarsa a yau ya tsira ne domin an ɗauke shi a na'ura tun yana raye, aka yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset, malaman jami'a kuma suka rubuta waƙoƙin suka yi nazarinsu. Kiɗan zamani na shekarun 1970 da 1980 bai sami irin wannan kulawa ba.

Wannan zirga-zirga ta ci gaba har zamanin wayar hannu. Mdou Moctar, makaɗin jita Ba'abzine daga Nijar, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a wani situdiyo a Sakkwato a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin sun bazu daga waya zuwa waya har arewacin Mali, inda wani mai tattara waƙoƙi daga Amurka ya ji su.

Dalilan ɓacewar waƙoƙin

Dalili na farko shi ne tattalin arziki. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka fara a 1986 sun sa kayan kiɗa da kayan buga faifai suka yi tsada. Satar fasaha ta hanyar kwafar kaset ta cinye ribar kamfanoni, manyan kamfanonin ƙasashen waje suka sayar da hannun jarinsu suka janye. Riƙe ƙungiya mai mutum goma ko fiye ya gagara, musamman da aka samu fiyanon lantarki da mutum ɗaya zai iya fitar da sautin ƙungiya duka da shi.

Na biyu shi ne yanayi. Zafi yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu tana shiga layukansa ta karce shi, damina kuma tana kawo danshi da gara da ke cin kwalinsa. Zaren kaset yana miƙewa ko ya tsinke, sautinsa kuma yana raguwa a duk lokacin da aka kwafa. A gidajen rediyo da yawa na duniya, har da BBC, an sha goge tsohon tef a ɗauki sabon shiri a kansa saboda tsadarsa.

Na uku shi ne sauyin zamantakewa. Rikice-rikicen addini da na ƙabilanci a Kano, Kaduna da Jos sun sa wasu makaɗa da masu gidajen rawa suka bar arewa. Bayan da jihohi da dama suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, wuraren da ake irin wannan kiɗa sun ƙara raguwa. A yankin Sabon Birni da Isa kuma, hare-haren 'yan bindiga sun tilasta wa dubban mutane barin gidajensu tun daga 2019, wasu zuwa jihar Maraɗi. Wanda ya gudu don ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar akwatin kaset.

Sake ganowa a Karibiyan

Aikin tono tsofaffin faya-fayai ya fara ƙarfi ne da waƙoƙin Jamaika. A Ingila, kamfanin Blood and Fire da aka kafa a 1993 da kamfanin Pressure Sounds sun sake buga waƙoƙin reggae na shekarun 1970, tare da gyara sauti da rubuta tarihin mawaƙan. Kamfanin Soul Jazz na Landan ya yi yarjejeniya da Coxsone Dodd, ya fitar da jerin kundaye daga taskar Studio One, ciki har da Studio One Soul a 2001 da Studio One Funk a 2004. A 2006 kamfanin Light in the Attic ya fitar da Jamaica to Toronto, tarin waƙoƙin soul da funk da reggae da 'yan Jamaika mazauna Kanada suka ɗauka tsakanin 1967 da 1974.

Misalin da ya fi kama da na ƙasar Hausa shi ne na Belize, ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Karibiyan wadda ta sami 'yanci daga Birtaniya a 1981. Bayan mahaukaciyar guguwar Hattie ta ragargaza babban birninta a 1961, mutane da yawa sun yi ƙaura zuwa Amurka. Wani ɗan ƙasar mai suna Compton Fairweather, mazaunin New York, ya riƙa buga faya-fayan makaɗan gida irin su Lord Rhaburn a ƙarƙashin kamfaninsa na CES, galibi domin 'yan Belize da ke kewar gida. A 2005 kamfanin Numero na Shikago ya tattara waɗannan waƙoƙi a kundin Belize City Boil Up, a 2007 kuma ya yi irin wannan aiki a kan waƙoƙin tsibirin Grand Bahama. A duka wuraren biyu, waƙoƙin sun tsira ne domin wani mutum ɗaya ko gida ɗaya ya ajiye abin da aka ɗauka.

Sake ganowa a Najeriya da Nijar

A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da kundin Nigeria 70. Ko da yake sunansa ya jingina shi ga Legas, a cikinsa akwai «Ikon Allah» ta Bala Miller, da waƙar Sahara All Stars ta Jos, da ta Bongos Ikwue. Kamfanin Soundway, wanda Miles Cleret ya kafa a 2002, ya biyo baya da jerin Nigeria Special, inda Sahara All Stars da Elcados suka sake fitowa. A 2016 kamfanin Now-Again ya fitar da Wake Up You!, tare da tarihin da Uchenna Ikonne, marubuci ɗan Najeriya, ya rubuta a kan ƙungiyoyin matasa na bayan yaƙin basasa.

A Nijar, kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, mazaunin Portland a Amurka, shi ya fi yin wannan aiki. Kirkley ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani a wata taska a Yamai, ya nemi mai shi, suka sake buga shi a 2013, shekaru 35 bayan ɗaukarsa. Wannan ya kai Mamman Sani yin wasa a Turai. Kamfanin ya kuma fitar da tsofaffin waƙoƙin Azna de l'Ader, da wani tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So.

Yadda ake aikin

Mai neman tsofaffin waƙoƙi yakan fara da tsofaffin masu shagon faifai, ma'aikatan rediyo da suka yi ritaya, masu gyaran rikoda da iyalan makaɗa. Abin da aka fi so a samu shi ne tef na asali da aka ɗauka a situdiyo. Idan ya ɓace, sai a nemi faifan da ya fi lafiya, ko ƙarami mai juyawa sau 45 a minti ɗaya ko babba mai juyawa sau 33, a wanke shi, a juye sautinsa cikin kwamfuta. Tef ɗin da danshi ya sa ya yi danƙo akan gasa shi a zafi kaɗan na sa'o'i da yawa kafin ya saku. Daga nan injiniya ya rage ƙarar karce ba tare da ya taɓa muryar mawaƙi ba.

Gano sunaye da shekaru yakan fi gyaran sauti wahala. Kaset ɗin da aka kwafa a kasuwa sau da yawa ba ya ɗauke da sunan kowa. Ko a faifai ma, ma'aikatan kamfanonin Legas da ba su iya Hausa ba sukan rubuta suna yadda kunnensu ya ji. Waƙar Elcados da ta fito a kundin Nigeria Rock Special na 2008 tana ɗauke da sunan «Ku Mi Da Hankan», rubutun da mai neman waƙar da daidaitacciyar Hausa ba zai taɓa cin karo da shi ba a intanet. A nan ne ake buƙatar masu jin harshen da tsofaffin da suka san makaɗan.

Haƙƙin mallaka da muhawara

Masu goyon bayan wannan aiki suna cewa ba don shi ba da waƙoƙin sun salwanta, kuma wasu makaɗa sun sami kuɗi da daraja a ƙarshen rayuwarsu. Masu suka kuma suna nuna cewa faya-fayan asali suna barin Afirka zuwa hannun masu tarawa a Turai, Amurka da Japan, sabon bugun kuma ana sayar da shi da kuɗin waje a farashin da ya fi ƙarfin mutanen da aka yi waƙar dominsu. Akwai kuma batun zaɓi: mai tattarawa yakan ɗauki waƙar da ta yi kama da funk ɗin da kunnensa ya saba da shi, ya bar wadda mutanen gari suka fi so, sai tarihin da duniya ke karantawa ya karkata.

Batun wanda za a biya ma yana da sarƙaƙiya. Wasu makaɗan sun sayar da haƙƙinsu ga kamfanonin da suka daɗe da rushewa, wasu sun rasu sun bar magada da yawa, wasu kuma a gidan rediyon gwamnati aka ɗauke su ba tare da wata takarda ba. Mawaƙan Jamaika ma sun daɗe suna kokawa cewa a shekarun 1960 kuɗin ɗauka kawai ake biyansu sau ɗaya, ribar faifai ta tafi ga mai situdiyo. A Najeriya, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ce ke kula da wannan fanni, kuma an sa hannu a kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a watan Maris na 2023. A Nijar akwai ofishin BNDA mai irin wannan aiki.

Adanawa

Misalin da ake yawan bayarwa a yammacin Afirka shi ne na Gini. Da tallafin shirin ceto taskoki na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wani manazarci ɗan Ostareliya mai suna Graeme Counsel ya juye waƙoƙi fiye da 9,000 daga taskar gidan rediyon ƙasar zuwa kwamfuta tsakanin 2008 da 2013, aka bar tef na asali a Konakiri, aka kuma sanya waƙoƙin a intanet domin kowa ya saurara.

A ƙasar Hausa, wuraren da irin wannan aiki ya shafa sun haɗa da taskokin Rediyon Tarayya na Kaduna, Rediyon Kano, Rediyon Rima na Sakkwato da Muryar Sahel, sai kuma akwatunan da ke gidajen mutane. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubuce-rubuce a kan kiɗan Hausa na zamani da yadda yake aro daga wasu al'adu. A kasuwanni kuma, masu tura waƙoƙi a waya sun gaji masu shagon kaset, su ne ke riƙe da tsofaffin waƙoƙi masu yawa a kwamfutocinsu, ko da yake sau da yawa babu sunan makaɗi ko shekarar ɗauka. Ga mai riƙe da tsohon kaset ko faifai, matakan da masu adana sauti ke ba da shawara a kai su ne a ajiye shi a tsaye a wuri mai sanyi da bushewa, a juye sautin ba tare da an matse shi ba, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a rubuta duk abin da dattawan gida suka sani game da mawaƙin, sannan a ajiye kwafi a wurare biyu daban.